Yadda nake aiki da Cooper Black a allon shago

Wani mai tsire daga Obalende ya same ni a shago a Shomolu, nan Legas, ya ce, "Malam, rubutu mai ƙiba nake so, wanda na cikin danfo, motar haya, zai karanta kafin mota ta wuce." Ko sunan bai sani ba, amma salon haruffan da ake kira Cooper Black yake nufi.

Wani Ba'amurke ne, Oswald Cooper, ya zana shi a Chicago, ya fito a 1922. Haruffan kauri gare su, ba inda suke da tsini, ƙafafunsu a dunƙule kamar an mulmula fura. Da shi kamfanin jirgin sama na easyJet ya rubuta sunansa. Yana da fara'a, shi ya sa yake hawa da mai shayi, mai biredi da mai kayan yara. Ofishin lauya ko sanarwar rasuwa kuwa, ban taɓa kai shi can ba.

Ka ba shi kalma ɗaya ko biyu kawai. Sunan shago, shi ke nan. Lambar waya da adireshi ka sa su da siririn rubutu irin Arial, domin ramin da ke cikin haruffan a da e ɗan mitsitsi ne, idan ka ƙanƙanta su sai ya toshe, daga nesa a ga dunƙulen baƙi. Haka in ka matse haruffan suka manne da juna. Ka bar musu 'yar tazara, amma kada ka ware su da yawa, kalmar za ta watse. Kuma don Allah kada ka ja shi tsaye don ya cika allo. Yaran shago na yawan yin haka, sai harafin ya rame ta gefe guda. In wuri bai isa ba, ka rage magana.

Inda ake shan wahala shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Wanda ke kwamfutata ba shi da ƙ, ɗ da ɓ. Kana bugawa sai wani siririn harafi ya faɗo tsakiyar masu ƙiba. Na taɓa yin ganganci na bar k haka nan, "masaukin baƙi" ya koma "masaukin baki", na sake buga allon da kuɗina. Yanzu a CorelDRAW, manhajar zane, nakan rubuta k da f gefe da gefe, in danna Ctrl+Q su zama zane, in yanko lanƙwasar kan f in ɗora a kan k, in haɗe su. Kaurin ɗaya ne, ba mai gane ɗinki. Haka nake wa d da b. In ka yi sau ɗaya ka adana, gobe ɗauka kawai za ka yi.

In sitika za ka yanka, ya fi sauƙin ɓarewa, kuma da yake ba shi da tsini, gefensa bai cika ɗagowa a damina ba.

Launi kuwa, mai tsiren nan ja ya so a kan baƙi. Na buga masa a takarda, na manna a bango, na ce mu tsallaka titi mu duba. Da kyar ya karanta sunansa. Muka mai da shi fari a kan ja, ya ajiye rabin kuɗi, ya ce zai aiko yaronsa ranar Laraba.