Kurakuran da matasa suka fi yi wajen kare kansu daga ƙanjamau

Har yanzu akwai masu auna mutum da ido. Da zarar an ga yarinya ta yi ɓul-ɓul, ko saurayi kakkaura, sai a ce lafiyarsa ƙalau. Alhali ƙwayar HIV kan yi shekaru a jiki ba ta nuna wata alama ba. Gwaji kaɗai ke faɗin gaskiya.

Gwajin ma yana da lokacinsa, kuma a nan ne da yawa ke zamewa. Mutum ya yi ganganci daren Juma'a, Litinin ya garzaya asibiti, sakamako ya fito babu komai, ya koma gida da murna. Gwajin gaggawa na tsinken yatsa yakan ɗauki har wata 3 kafin ya gano sabon kamu, don haka sai an maimaita. Masu shirin aure su lura da wannan, musamman a Kano inda dokar 2024 ta wajabta gwaji kafin ɗaurin aure. Takardar ta nuna halin da ake ciki ne a baya, ba ta san abin da ya faru makon jiya ba.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne jira. Idan kwaroron roba ya fashe, ko an yi wa yarinya fyaɗe, akwai maganin hana kamuwa da ƙwayar mai suna PEP da ake fara sha cikin awa 72, a ci gaba har kwana 28. Kowace awa tana da daraja. Amma kunya kan sa iyali su rufe maganar har lokacin ya wuce. A fara zuwa asibiti, zaman sulhu ya biyo baya.

Kwaroron roba kuwa, kada a shafa masa basilin ko man gyaɗa, mai yana cin robar. Ɗaya ake sawa, sau ɗaya.

Wasu samari na taƙama da kaciya. Tana rage haɗarin kamuwar namiji da kusan kashi 60 cikin 100, amma ragi ne kawai. Wajen wanzami da mai yankan farce, ka tafi da rezarka, ba rowa ba ce. Allura kuma ba a karɓa-karɓa da ita.

Sai tsangwama. Sauro ba ya yaɗa cutar, haka ma cin tuwo a kwano ɗaya. Wanda ke shan maganinsa kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya, kuma maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati a Najeriya.