Kurakuran da aka fi yi wajen kankare tsatsar kayan mota da feshin yashi

Wanda ya sayi kwamfiresa da bindigar feshi don ya kankare tsatsar rim ɗin tsohuwar Peugeot 504 a gida, abin da yakan fara yi shi ne ya ɗebo yashin rafi ko na gini, ya tankaɗe, ya zuba. Wannan shi ne kuskure mafi muni, kuma mai aikin yake cutarwa. Yashi cike yake da wani sinadarin dutse da ake kira silika. Da ya bugi ƙarfe sai ya farfashe ya zama ƙurar da ido ba ya gani, ta shige huhu ta zauna, ta haifar da cutar silikosis. Cutar ba ta warkewa, kuma tana sa tarin fuka ya kama mutum da sauƙi. Tun 1949 Ingila ta kafa dokar hana wannan aiki da yashi mai silika a masana'antun ƙarfe. Turkiyya ma a 2009 ta hana feshin yashi a kan wandunan jins, bayan samari ma'aikata sun rasa rayukansu.

Hankici ko rawani ba sa tare wannan ƙura, haka ma takunkumin asibiti. A nemi takunkumi mai matatar ƙura mai lamba P100 wanda ke kama fuska sosai, da tabarau, da safar hannu mai kauri. Ƙananan kaya a yi su cikin rufaffen akwati mai gilashi. Don Allah kada a yi aikin nan a tsakar gida inda yara ke wasa ana girki, domin tsohon fentin mota yakan ƙunshi dalma. Tufafin da aka yi aikin da su ma a wanke su daban.

To me za a zuba? Ya danganta da ƙarfen. Mai kauri da tsatsa ta ci sosai, garin feshi mai kaifi irin garnet ko alminiyam oksaid ne ke cire ta. Kayan alminiyam, irin su murfin inji, suna son ƙananan duwatsun gilashi da iska mai sauƙi, misalin psi 40 zuwa 60 a ma'aunin ƙarfin iskar kwamfiresa. Garin feshi mai kaifi zai bar musu ramuka. Bekin soda kuwa fenti take cirewa, ba ta iya wa tsatsa mai zurfi.

Bonet da ƙofa da rufi su ne aka fi ɓatawa. Mutum ya tsayar da bakin bindiga a wuri ɗaya, a miƙe, da iska mai ƙarfi, sai fallen ƙarfen ya miƙe ya yi tudu da kwari, gyaran da ko ƙwararren fanel bita sai ya yi gumi. A karkata bindigar, a ja da baya kamar taƙi ɗaya, hannu kuma kada ya tsaya. Ni dai shawarata, tsakiyar bodi a bar wa sanfefa, a yi feshin a gefuna da lunguna.

Wasu kan fara feshi giris da baƙin mai na jikin kaya. Man zai dunƙule abin feshin, ya kuma cusa datti cikin ƙarfe. A wanke da kananzir, a bi da ruwan omo, a shanya tukuna. Sannan a toshe duk ramin da mai ke bi, a naɗe zaren noti da mazaunin boris da tef mai kauri. Ƙwayar da ta maƙale a hanyar mai takan fito bayan an haɗa inji ta cinye metal, wato ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa. Cikin kafireta da silindar birki kada a fesa su sam.

Idan bindiga tana tofi tana toshewa, yawanci ruwa ne a cikin iskar, musamman da damina. A kwance notin da ke ƙasan tankin kwamfiresa kullum ruwan ya zube, a sa matarar ruwa a kan tiyo, a riƙa tankaɗe abin feshin kafin a mayar da shi.

Bayan an gama, ƙarfen tsirara yake, cikin 'yan awoyi zai fara ja. Kada a taɓa shi da hannu, gumin yatsa ma yana barin shaida. A hure ƙurar da busasshiyar iska, a goge da tina, a buga faraima a ranar. In soda aka yi amfani da ita, sai an wanke ta tas an busar, in ba haka ba fentin zai ɓare.