Darasi Na 9: Bashin Gina Gida da La'adar da Ba a Faɗa

Dillali ba baƙonmu ba ne. Wanda ya taɓa kai sa ko rago kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ko karar Wudil ranar Juma'a, ya san aikinsa. Shi ke haɗa mai saye da mai sayarwa, a yi ciniki, a ce albarka, a sallama, a ba shi la'adarsa a gaban kowa. Ba wanda ke jin haushin wannan, domin guminsa ne ya ci, kuma kowa ya ga abin da aka ba shi.

Dillalin da za mu yi magana a kansa yau, dillalin bashi ne. Ba ya zama a kara. Har zaure yake zuwa, da jaka a hamata da takardu a ciki, ya ce ya san hanyar da za a samo maka kuɗin gina gida daga banki ko daga wani kamfanin ba da rance, in dai za ka ajiye takardar gidanka ko ta gonarka jingina. A cikinsu akwai mutanen kirki, ban ce babu ba. Amma da yawa la'adarsu a ɓoye take, kuma kai ne mai biyanta ba ka sani ba.

Ku saurari wannan misali, sannan mu yi lissafinsa tare a allo.

Wani magidanci a ƙasar Ringim, ambaliyar 2022 ta rushe masa ɗakuna biyu na ƙasa. Ya ƙudura wannan karon da bulo da siminti zai tayar, ya rufe da kwano. Sai ga dillali ya zo da albishir: za a ba shi naira 2,000,000, ruwa kashi 3 cikin 100 kacal, ya biya cikin wata 20. Ya bar masa takarda ya ce gobe da hantsi zai dawo a dangwala yatsa.

Da dare uwargidansa, wadda ke zuwa ajin yaƙi da jahilci kamar ku, ta ɗauko takardar ta haska da fitilar waya. Turancin bai karantu mata ba, amma lambobi ba su da Turanci.

Ta ce, "Malam, nawa ya ce za a ba ka?"

Ya ce, "Miliyan biyu, na gaya miki."

Ta ce, "To waɗannan ƙananan lambobin da ke jere a ƙasa fa, na mene ne? Ga 20,000, ga 50,000, ga 60,000, ga 70,000, ga kuma 100,000."

Ya ce, "Uwargida, bai faɗa mini ba. Cewa ya yi 'yan kuɗin aiki ne."

Ta ce, "Don Allah Malam, kada ka sa hannu gobe. A bari a nemo wanda zai karanta mana."

Washegari aka kira wani malamin firamare na garin ya karanta. 20,000 kuɗin fom ne. 50,000 na zuwa duba fili. 60,000 na lauya, 70,000 na inshora, 100,000 kuma an rubuta "kuɗin hidima", wato la'adar shi dillalin. Duka za a zare su tun kafin kuɗin su iso hannun mai gida.

Ku tara su: 300,000. Ku cire daga 2,000,000, saura 1,700,000. Wannan shi ne abin da zai shiga aljihunsa, shi zai sayi bulo da siminti. Amma bashin da aka rubuta a wuyansa 2,000,000 ne cif, kuma a kansa za a yi ta lissafa ruwa. Kun ga zai biya ruwa a kan naira 300,000 da bai taɓa riƙewa ba.

Sai maganar kashi 3 cikin 100. Dillalin bai yi ƙarya ba, rabin magana ya faɗa ya haɗiye rabi. Kashi 3 ɗin a wata ne, ba a shekara ba. A ninka sau 12, ya zama kashi 36 a shekara. Kashi 3 na 2,000,000 shi ne 60,000. Uwar kuɗi kuma in aka raba ta wata 20, kowane wata 100,000. Saboda haka duk ƙarshen wata zai kai 160,000. A ninka 160,000 sau 20, an sami 3,200,000.

Ya karɓi 1,700,000, zai mayar da 3,200,000. Tsakani akwai 1,500,000, kusan kuɗin wani ginin.

Akwai wani abu kuma da ba kowa ke lura da shi ba. Bayan wata 10 ya riga ya biya rabin uwar kuɗi, saura 1,000,000 a kansa. Da adalci, ruwan ma sai ya ragu da rabi. Amma takardar ta ce 60,000 ne har ƙarshe, kamar bai biya ko sisi ba. Masu ba da rance suna da hanya biyu ta lissafi: ko a kan abin da ya rage maka, ko a kan abin da aka fara ba ka. Ta biyun ta fi tsada nesa ba kusa ba, ko da lambar da aka ambata iri ɗaya ce. Ka tambaya wacce ce taka.

Ni abin da ya fi tayar mini da hankali a irin waɗannan takardu ba ruwan ba ne ma, shafin ƙarshe ne. Sau da yawa a can ake cusa cewa in ka yi jinkirin biya wata biyu ko uku, mai bashi yana da ikon sayar da gidan. Wasu kuma sukan haɗo da takarda ta biyu su ce "ta kariya ce kawai", alhali takardar sayarwa ce, an bar gurbin kwanan wata ba a cike ba. Ranar da ka gaza, a cike gurbin, gidanka ya zama an saye shi tuntuni da yatsanka a jiki. Manomi kuwa ba ɗan albashi ba ne. Kuɗinsa na zuwa da kaka, ko bayan an girbe shinkafa da alkamar rani. Wanda ya ɗora wa manomi biyan wata-wata, yana sane da haka, kuma ya riƙe takardar gidansa, to ba biyan yake jira ba, gidan yake jira. Iyayenmu sun san irin wannan tun zamanin bashin falle, a ba ka dami ɗaya da bazara ka mayar da biyu da kaka. Jaka da takardu kawai aka ƙara.

Kada ku ɗauka rashin boko ne kaɗai ke jawo wannan. A Amurka, kafin 2008, dillalan bashin gida suna cin la'ada ta fuska biyu. Mai karɓar bashi ya biya su, banki ma ya ƙara musu wani abu in sun sa mutum ya yarda da ruwan da ya fi wanda ya cancanta. Wato gwargwadon yadda suka tsawwala maka, gwargwadon ribarsu. An kuma yi ta ba mutane bashin da ruwansa ke da sauƙi shekara biyu na farko, daga nan ya yi tashin gwauron zabi. Da farashin gidaje ya faɗi, miliyoyin iyalai suka rasa muhallinsu, katafaren bankin nan Lehman Brothers ya durƙushe a watan Satumba na 2008, girgizar ta kai ko'ina a duniya. A 2010 aka yi dokar da ake kira Dodd-Frank, wadda ta hana a biya dillali gwargwadon tsadar ruwan da ya ɗora wa mutum. Tun 2015 kuma dole a ba mai neman bashin gida takardar ƙarshe mai ɗauke da duk kuɗaɗen da zai biya, kwana 3 na aiki kafin ranar sa hannu, don ya je gida ya duba a tsanake. Masu karatu ne aka yi wa haka, da harshensu aka rubuta takardun. To ina ga wanda aka kawo wa takarda da harshen da ba nasa ba, aka ce gobe da hantsi?

Mu ma a nan ba a bar mu haka ba. Babban Bankin Najeriya yana da jadawalin kuɗaɗen da banki zai iya caja, wanda ya fara aiki a Janairun 2020. A cikinsa, kuɗin gudanar da rance ba zai wuce kashi 1 cikin 100 na abin da aka ba ka ba, kuma sau ɗaya ake karɓa. A bashin 2,000,000 ke nan, 20,000 ne iyaka. Tarar jinkiri ita ma ba za ta wuce kashi 1 cikin 100 a wata ba, a kan abin da ka gaza biya. In banki ya zare maka abin da bai dace ba, ka fara kai kuka a rubuce ga bankin, ka riƙe kwafi. In sun yi shiru ko sun ƙi gyarawa, sai ka ɗaukaka zuwa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin. Sai dai wannan kariya tana aiki ne a kan masu lasisi. Mutumin da ofishinsa jakarsa ce, ranar da rigima ta tashi lambar wayarsa ma ba za ta shiga ba. Don haka ka ce dillali ya kai ka ofishin da kuɗin za su fito, ka ga ma'aikatan da idonka, ka tambaye su a gabansa ko su suka aiko shi, kuma nawa suke ba shi.

Ma'aikaci, irin malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti, in ana zarar masa kashi 2.5 cikin 100 na albashi zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, yana da damar neman bashin gida ta hannun Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wato FMBN, a kan kashi 6 cikin 100 a shekara, biya har zuwa shekara 30. Ku ajiye 6 ɗin nan kusa da 36 na misalinmu ku duba.

Na san da yawanku za ku ce, Malam, ai kuɗin ruwa haramun ne, me ya kai mu? Gaskiyarku, Allah ya halatta ciniki ya haramta riba. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya buɗe a 2012, har da reshe a Kano tun farko, da TAJBank da ya biyo baya a 2019. A tsarin murabaha banki ne ke sayen kayan, ya sayar maka da riba sananniya, ka biya sannu a hankali. Amma ko a can ka tambayi jimla, ka tambayi abin da za a zare, ka tambayi abin da zai faru in ka makara. Kuma ka kula da wanda zai zo da salati a baki da sunan Musulunci a saman takarda, a ƙasa kuwa lissafin nan ne na 160,000. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka: a rubuta shi, marubuci ya rubuta da adalci, wanda bashin ke kansa shi zai yi shifta, a kuma kafa shaidu. Ku lura da wannan, mai cin bashin ne zai faɗi abin da za a rubuta. Ba a ce a rubuto a wani gari a kawo masa ya dangwala ba.

Dokar ƙasa ma ta yi wa wanda bai iya karatu ba tanadi. Wanda ya rubuta takarda a madadinsa, wajibi ne ya sa sunansa da adireshinsa a jiki, shaidar cewa an karanta masa an kuma yi masa bayani kafin ya sa hannu. Amma kada ka dogara da wannan ka yi sakaci, domin shari'a tana cin kuɗi tana cin lokaci. Ka zo da naka mai karatun, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka ce a fassara maka layi-layi da Hausa. Gurbin da ba a cike ba, a ja masa layi. Kowane shafi ka sa hannu, ka tafi da kwafinsa gida a ranar. Kuɗi kuma ko naira 500 ka bayar, ka karɓi rasit mai sunan kamfani da hatimi.

Game da jingina kanta, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce mai satifiket ɗin mallaka na jiha ba zai jinginar da filinsa ba sai da amincewar gwamna, na karkara kuma wanda ke ƙarƙashin ƙaramar hukuma sai da amincewarta. Wanda ya ce maka ba sai an bi ta nan ba, a yi a zaure kawai, ka san akwai lauje cikin naɗi. Sannan ka tambayi kanka, gidan nan naka ne kai kaɗai? In na gado ne ba a raba ba, akwai haƙƙin ƙannenka mata a ciki, akwai tumunin takabar mahaifiyarku ko abokan zamanta, wataƙila akwai na marayu. Ba ka da ikon jinginar da rabon wani. Ka sanar da su, ka sanar da mai unguwa ko dagaci. Mata kuma, in takardar gidan da kuke ciki za ta fita daga akwati, kuna da bakin tambaya cikin ladabi, kamar yadda uwargidan nan ta yi.

Wanda ya riga ya faɗa ciki, kada kunya ta sa ya yi shiru har a zo da masu saye. Ya tattara duk takardu da rasit ya nufi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda ke taimakon marasa ƙarfi kyauta, ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a. Dukansu suna da ofis a Kano da Dutse. Kada kuma ya ci wani bashin don ya biya wannan, ko da dillalin ne da kansa ya dawo da tayin.

Shi mai gidan na misalinmu, da dillali ya dawo, ya ce masa, "Ɗana, na gode da ɗawainiya. Rubuta mini abu biyu a bayan takardar nan da hannunka: nawa zai shigo hannuna, nawa kuma zai fita daga hannuna har in gama." Dillalin ya ce sai ya tambayo ofis. Mai gida ya sayar da bijimi ɗaya, uwargida ta kawo kwasar adashinta, suka tayar da ɗaki ɗaya a wannan rani, ɗayan suka bar shi sai kaka mai zuwa.

Aikin aji

Ku rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku a littafinku: jingina, la'ada, jimla, rasit, shaida, kwafi.

Sannan ku yi wannan lissafi. An ce za a ba wata mata rancen naira 500,000 ta gyara ɗakinta. Za a zare 10,000 na fom da 40,000 na hidima. Za ta riƙa biyan 65,000 kowane wata har wata 10. Nawa zai shiga hannunta? Nawa za ta mayar gaba ɗaya? Nawa ne tsakani?

Ku rabu biyu-biyu, ɗaya ya zama dillali, ɗaya mai gida. Mai gida ya yi tambayoyinsa har sai dillali ya faɗi la'adarsa da wanda ke biyansa. Mako mai zuwa, duk wanda ke da wata takardar bashi ko ta jingina a gida, in ya yarda, ya zo da kwafinta, mu rufe sunan da ke jiki mu karanta lambobinta tare.