Yadda Ake Zaɓen Man Kare Fata Daga Rana

Duk wanda ya taɓa takawa daga bakin ƙofar jami'a a Samaru zuwa tasha da azahar a watan Afrilu ya san ranar Zariya ba ta wasa. Baƙar fata tana da nata kariya, ba a musu, amma ba ta hana tabon ƙuraje ƙara duhu, ba ta hana fuska yin dabbare-dabbare. Ga zabiya kuwa, da masu shafa man bilicin da fatarsu ta riga ta yi laushi, wannan mai dole ne, domin rana kan jawo wa zabiya cutar dajin fata.

Da farko, duba lambar SPF a jikin robar, wato lambar da ke nuna ƙarfin kariyar man daga ƙunar rana. Kada ta gaza 30. Mai 30 na tare kusan kashi 97 cikin ɗari na hasken UVB, wanda ke ƙona fata, mai 50 kuma kusan kashi 98. Ka ga tazarar ba ta kai a zubar da kuɗin cefane a kanta ba, sai dai zabiya gara ya ɗauki 50.

Sannan ka nemi inda aka rubuta "broad spectrum", wato man na tare hasken rana iri biyu, UVB da UVA. Lambar SPF ba ta cewa komai game da UVA, wanda shi ne ke ratsa fata ya sa ta tsufa da wuri, har gilashin mota yana ratsawa. Idan babu wannan rubutun, mayar wa mai shago kayansa.

Inda aka fi tafka asara shi ne wajen nau'in man. Mai ɗauke da zinc oxide ko titanium dioxide ya fi dacewa da yara da masu fata mai saurin ƙaiƙayi, amma a baƙar fuska yakan bar fari-fari kamar an shafa toka. Wanda ya fita haka sau ɗaya aka yi masa dariya, ba zai sake buɗe robar ba. Don haka ka ɗan gwada a bayan hannu, ka fito haske ka duba. Mai maiƙon fuska ya nemi marar nauyi, mai ruwa-ruwa. Lokacin hunturu kuma, da fata ke tsagewa, mai kauri ya fi. Kada hazo ya ruɗe ka, hasken yana wucewa ta cikinsa.

Kafin ka biya, duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Ni dai ba na sayen wanda aka baza a tire yana shan rana a bakin kasuwar Sabon Gari, komai araharsa, saboda zafi na kashe ƙarfinsa. Kemis mai inuwa ya fi. Haka a gida, kada a bar shi cikin mota.

Saura shafawa. Layi biyu a tsawon yatsu biyu ya ishi fuska da wuya, a shafa kamar minti 15 kafin fita, a haɗa da kunnuwa da bayan hannu. Idan kana cikin rana, a maimaita bayan kowane awa biyu. Mu nan kuma ga alwala: wanda ka shafa da safe, alwalar azahar ta tafi da shi, alhali ranar na da sauran ƙarfi har wajen ƙarfe huɗu. Sai ka riƙe ƙaramar roba a aljihu ko a jaka, ka sake shafawa bayan sallame salla.

Jaririn da bai kai wata shida ba, inuwa da tufafi ne nasa, ba mai ba. Idan kuma akwai gyambo ko tabo da ya ƙi warkewa, musamman a jikin zabiya, a tafi sashen likitocin fata na asibitin koyarwa da ke Shika tun bai yi nisa ba.