Kafin ki kwance kaya a gidan kafili

'Yar'uwa, da zarar kin sauka Riyad ko Jidda da bizar aikin gida, ki ɗauki hoton fasfo, biza da takardar kwangila, ki tura wa wani na gida ta WhatsApp. Dokar Saudiyya ta hana kafili, wato wanda ya ɗauke ki aiki, riƙe fasfonki, amma ana riƙewa, kuma ranar rigima hoton nan ne shaidarki. Ki tabbata kwangilar tana kan Musaned, tsarin gwamnati na ɗaukar masu aikin gida. Alkawarin da dillali ya yi miki da baki a Kano ko Maraɗi ba ya aiki a nan.

Ƙa'idar da ta fara aiki a Oktoban 2024 ta ce aiki kada ya wuce awa 10 a rana, kada a jera awa 5 ba hutun minti 30. Kina da hutun kwana ɗaya a mako da albashinki, hutun wata guda bayan shekara 2, da kwana 30 na jinya in likita ya rubuta. Haka yake a takarda. Sai dai abin da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta gano tun 2008, wanda takwararta Amnesty ta sake tararwa a 2025 wajen 'yan Kenya, shi ne ba mai leƙa cikin gida ya duba, kuma sassaucin da aka yi wa tsarin kafala (ɗaure ma'aikaci ga kafilinsa) a 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba. Don haka dole ki zama mai tsaron haƙƙinki.

Maganar albashi ita ce babba. Ki nemi a riƙa biyanki ta banki ko asusun waya, yadda gwamnati ta tsara. Kada ki sa hannu ko ki dangwala a takardar Larabci da ba ki gane ba. Da yawa rasit ne na kuɗin da ba a ba ki ba. "Bari in ajiye miki har ki tashi tafiya" kuwa, nan kuɗin mutane suka fi maƙalewa. Ki sami ɗan littafi, kowane wata ki rubuta kwanan wata da abin da ya shigo. In aka riƙe miki albashin wata 3, a jere ko a rarrabe, kina da damar neman canjin kafili ba sai ya yarda ba. Haka in ya tura ki aiki gidan wasu.

In abu ya ɓaci, ki kira 19911, layin ma'aikatar ƙwadago, ki sanar da ofishin jakadancinku a Riyad ko ƙaramin ofishi na Jidda. Ki riga kafili kai ƙara. In kika fice kawai, zai shigar da ke hurub, wato rahoton kin gudu, igamarki (takardar izinin zama) ta lalace, ƙarshenta tarhil, wato a tsare ki a Shumaisi, cibiyar masu jiran kora, a mai da ki gida. Amma in duka ne ko cin zarafi, ki tsira da ranki tukuna, ki nufi 'yan sanda kai tsaye, ba ɗakin wata ƙawa a unguwar Karantina ta Jidda ba.