Kafin ka sayi injin fere katako, ga abin da za ka duba

Shagona a cikin gida yake, a Yelwa nan Bauchi, wani ɗaki da na buɗe wa ƙofa ta waje. Shekara da shekaru ina ɗaukar katako daga Muda Lawal in kai wa masu babban inji su fere mini, in biya kuɗin aiki, in biya mai Keke. Da na gaji sai na sayi nawa. Na farkon bai kai wata biyar ba ya ƙone, shi ya sa duk wanda ya ce mini "Malam, wanne zan saya?" nake zaunar da shi.

Fara da wuta, kafin ma ka kalli sunan kamfani. Ƙarfin wutarmu volt 230 ne. Yawancin injina na hannu, wato waɗanda aka riga aka yi aiki da su, da ake shigowa da su daga Amurka na 120 ne, sai an haɗa su da taransifoma. Irinsa na saya saboda araha, taransifomar ta yi masa kaɗan, yana aiki yana nishi, har ranar da na ji ƙauri. Ka juya injin, ka karanta ɗan allon da ke jikinsa da idonka. In ba ka ga 220 zuwa 240 ba, bar shi ko da kyauta ne. Ga misalin injinan fere biyu: Makita 2012NB na cin wat 1,650, DeWalt DW733 na cin 1,800, kuma lokacin tashi suna jan fiye da haka. Ƙaramin janareta na kallon talabijin ba zai ɗauka ba. Ni da mai kVA 3.5 nake aiki, kuma in wutar gari ta zo ba ƙarfi ba na kunna injin sam, domin raunin wuta na dafa wayar cikin injin a hankali ba ka sani ba.

Sai wuƙa, kuma a nan ne mutane ke asara. Wuƙaƙen Makita baki biyu gare su: in ɗaya ya dakushe ka juya, in duka sun ƙare ka yar. Na DW733 kuwa ana cirewa a wasa a mayar. A garin da ake samun kaya a sauƙaƙe, duk ɗaya ne. A wurinmu fa? Katakonmu ba na wasa ba ne. Madaci da kawo na da tauri, loko kuma wani lokaci za ka tarar da wani abu kamar tsakuwa a cikinsa, ya ɓantare bakin wuƙa nan take. Ga yashi da ke maƙale wa katakon da aka jibge a ƙasa. Don haka kafin ka miƙa kuɗi, tambayi mai shago: yana da wuƙa ta biyu? Yana da bel, wato ɗamarar robar da ke juya wuƙa? Yana da kabon, wato ɗan gawayin da ke kai wuta cikin motar injin? In ya ce sai an aika Kano ko Legas, ya faɗi kwana nawa. Ni dai ban sake sayen inji ba tare da wuƙa biyu da bel ɗaya a leda ba.

Ɗaga shi ka ji nauyi. Waɗannan biyun na tsakanin kilo 28 da 33. Wanda ka ɗaga da hannu ɗaya roba ce ta yi masa yawa. Duba ginshiƙan da kan injin ke hawa da sauka a kansu, su zama huɗu, kuma akwai abin da ke kulle kan. In babu, kan zai riƙa motsi, ya ƙwaƙule farkon katako da ƙarshensa, ka yi ta yanke inci biyu kana zubarwa.

Faɗin katakon da injin ke ɗauka kuwa, inci 12 ya ishi mai yin kujera, gado da ƙofa.

Kar ka yarda a gwada maka da malaina mai laushi. Je da guntun madacinka, tsawon ƙafa uku. A sa shi, a ɗebe milimita ɗaya. Saurari ƙarar: in ta faɗi sosai, ko rola ta kasa jan katakon sai an tura, akwai matsala. In ya fito, auna kaurin gefen dama da na hagu. In sun bambanta, kan ya karkace. Taɓa jikin injin bayan minti goma. Ɗumi ba laifi, zafin da ke korar hannu shi ne laifi.

Wanda nake da shi yanzu yana shekara ta shida. Ba na ɗibar fiye da milimita ɗaya a katako mai tauri, ko da an rubuta zai iya uku. Ina goge yashi da burushi kafin in sa katako, ina laluben ƙusa in tsohon katako ne. Da hunturu kullum nake hure ƙura daga kafofin iskarsa, in rufe shi da buhu. Kabon sau biyu na canja, bel sau ɗaya.