Yadda nake daidaita kafireta huɗu a kan tebur

Mu da muka koyi aiki a kan Jincheng da Boxer, kafireta ɗaya muka sani: ka wanke, ka saita silo (gudun injin idan ba a taɓa totur ba), shi ke nan. Ranar da aka fara kawo mini Honda CB400 Super Four, mai silinda huɗu da kafireta huɗu a jere, na wanke su fes na mayar, amma injin ya tashi yana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Ashe kowace kafireta buɗewarta daban da ta 'yar uwarta, wata silinda na ɗaukar nauyi, wata na bin yarima.

Ga yadda nake yi yanzu. Na fitar da su a haɗe, ba na raba su. Na shimfiɗa tsumma mai tsabta a tebur, na juyo ɓangaren da ke kallon injin. A cikin kowane maƙogwaro za ka ga faifan ƙarfe mai juyawa idan an murɗa totur. Waɗannan faya-fayan huɗu ake so su buɗe tare, daidai wa daida.

Nemi uwar tukuna. Ita ce wadda ba ta da notin daidaitawa nata, notin silo ne kaɗai ke motsa ta. Sauran ukun da ita ake gwada su, shi ya sa notocin daidaitawa uku ne, kowanne da sifirin a jikinsa.

Ma'aunina gindin bakin dirila ne mai kaurin milimita 1, ɓangaren mai santsi. Murɗa notin silo har ƙarfen ya shiga ƙarƙashin faifan uwar yana ɗan gogawa, ba sako-sako ba, ba a matse ba. Riƙe wannan gogawar a yatsunka, ita za ka nema a sauran. Fara da ta kusa da uwar. Kada ka danna sukudireba da ƙarfi, don sifirin zai lotsa ya yi maka ƙarya. Bayan kowace murɗawa, buɗe totur ka sake shi ya koma da kansa sau biyu ko uku, sannan ka sake gwadawa. Nan ne mutane ke gajiya, kuma nan ne aikin yake. Idan ka gama ta ƙarshe, koma ta farko, domin taɓa ɗaya kan motsa wata.

Sai ka sassauta notin silo har faya-fayan su kusa rufewa. Wanda ya manta wannan, injin zai tashi da ihu.

Aikin tebur zai sa babur ya tashi ya zauna lafiya, amma bai san halin kowace silinda ba. Don haka nakan saita bawul tun kafin in mayar da kafiretocin. Idan injin ya yi zafi, sai in ɗaura agogon auna zuƙar iska a bututai huɗun da ke kai iska cikin silinda, in ƙarasa da notocin nan uku har allurai su tsaya a layi ɗaya.